Neman shawara: gadar katako mai santsi a hanyar da masu keke da masu ƙafa ke bi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A hanyar da nake bi da keke akwai wata gadar katako a kan rafi, ƙarƙashin inuwar bishiyoyi. Hanyar ta kowa ce: masu keke, masu tafiya a ƙafa, yara da tsofaffi. Da an yi ruwa, ko raɓa ta sauka da asuba, sai katakon ya zama kamar an shafa masa sabulu. Kwanan nan tayar gaba ta zame mini a kai na daki shingen gefe, kuma na ga wata dattijuwa ta kusa faɗuwa a wurin. Tambayata biyu ce: yaya ake ƙetare irin wannan gada lafiya, kuma wane gyara za mu iya yi ko mu nema a yi? Wani ya ce mu buga ragar waya irin ta kejin kaji, wani kuma ya ce a shafe katakon da baƙin mai don kada ya ruɓe.

Tsohon mahayi: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ɗana. Duk abin da za ka yi, ka gama shi kafin tayarka ta taɓa katako. Ka rage gudu tun kana kan ƙasa, ka daidaita keken ya fuskanci gadar sak, sannan ka saki birki ka wuce a miƙe. A kan jiƙaƙƙen katako abu uku ke kayar da mutum: matse birkin gaba, karkata jiki don shan kwana, da taka feda da ƙarfi. Tayar baya idan ta zame sau da yawa ana iya cetowa, ta gaba kuwa ba ta jiran kowa. Idan akwai kwana a bakin gadar, ko ka hango yaro ko tsoho a kai, sauka ka tura. Kuma kada ka jira sai ka zo bayan mutum ka buga ƙararrawa, firgita yake yi ya goce ta inda ba ka zata ba.

Mai gyaran keke: Ƙari a kan maganar Baba, duba iskar tayarka. Taya da aka cika ta yi tauri kaɗan take taɓa ƙasa, rage mata iska kaɗan yana ƙara mata kamu. Amma kada ka zaci taya mai manyan haƙora za ta cece ka. Haƙoran a laka suke nutsewa su kama, a katako kuwa babu inda za su nutse. Hular kwano dai kada ta bar kanka.

Kafinta: Malam, ni a wurina ruwan sama ba shi ne mai laifin ba. Sabon katako mai tsabta ko ya jiƙe ba ya irin wannan santsin. Abin da ke kayar da ku gansakuka ce da wani siririn kore-kore da ke tsirowa a kan itacen da ba ya bushewa, ga ruɓaɓɓen ganye yana ciyar da shi. Ka ce gadar tana cikin inuwa, to nan matsalar take. A sassabe rassan da suka rufe ta rana da iska su samu shiga, a riƙa share ganye, a goge katakon da buroshi mai tauri da ruwa zalla. A kuma tone dattin da ya toshe tsakanin alluna, domin 'yar tazarar nan ta milimita 5 zuwa 8 an bar ta ne ruwa ya zube.

Baƙin mai kuwa, don Allah kar a soma. Santsi zai ƙara, kuma ruwa zai wanke shi zuwa cikin rafin ya kashe kifi. Haka ma bilic, ba a zuba shi a kan gadar da ruwa ke gudu a ƙarƙashinta.

Ragar waya tana aiki da farko, shi ya sa ake yawan ganinta. Daga baya sai ta yi tsatsa ta tsinke, tsinin ya miƙe yana huda taya, yana harɗe ƙafar mai tafiya, sannan ta riƙe ganye da laima a jikin itacen. Abin da ya fi shi ne siraran faifan nan masu tsakuwa a fuska, waɗanda ake ɗaurewa da sukuru a kan kowane allo. Fenti da aka barbaɗa wa yashi ma yana yi, sai dai yana gogewa, kuma ba ya kama jiƙaƙƙen itace.

Wata 'yar'uwa mai tafiya a ƙafa: Ni roƙona ga masu keke, ku tuna mai sanda ko mai goyo ba ta iya tsallen kaucewa a kan santsi. Ku tsaya mu fita tukuna.

Mai tambaya: Kin yi gaskiya, Hajiya. Malam kafinta, mu da kanmu za mu ɗaura faifan?

Kafinta: Shara da goga ku yi abinku. Amma huda katako ko sare reshe, sai da izinin hukumar da ke kula da hanyar, don idan wani ya ji rauni a kan abin da kuka ɗaura, ku za a tambaya. Ku rubuta musu, da hoto da kwanan wata. Kafin nan ka ɗauki sukudireba ka caka ƙarshen allunan da gefen ƙusoshi. Idan ya nutse cikin sauƙi itacen ya ruɓe, a nan kuma magana ta wuce santsi, allon ne za a cire. Ka duba har da bakin gadar, inda ƙasa ke zaizayewa ta bar tudu da taya ke duka, ka sa shi cikin takardar.