Ku taimaka mini da aikin gidan yarinyar nan: 111,111

Wata uwa, Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. 'Yata ce ta dawo daga makaranta da aikin lissafi, an ce ta gano ko 111,111 tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, in kuma tana rabuwa ta lissafo duk masu raba ta. Tun bayan magariba take kan tabarma da fitilar waya, ta cinye shafi uku. Ni lissafina bai wuce canjin kosai ba. Ta ina za ta kama?

Ɗan kasuwa, Kusiri: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai na san ba ta rabuwa da 2 ko 5, tunda da 1 ta ƙare. A kuɗin sefa ma sai an yafe tamma ɗaya kafin a biya ta. Ina ganin kamar 11 take, ba mai raba ta.

Malamin lissafi, Marwa: Alhaji, a nan ka zame. 11 ba ta rabuwa, amma 111 ai 3 sau 37 ce. Hajiya, ki ce mata ta ajiye biro ta kalli lambar tukuna. Ɗaya-ɗaya guda shida, in an tara su 6 ne, kuma duk lambar da jimillar alƙalumanta ta rabu da 3, ita ma za ta rabu. Ga amsar farko ta fito.

Sai ta lura 111 ce aka rubuta sau biyu. Duk lamba mai alƙaluma uku da aka maimaita haka, ko 250,250 ce, ita ce sau 1001. Ita kuma 1001 ita ce 7 sau 11 sau 13. Kin ga ke nan 111,111 = 3 × 7 × 11 × 13 × 37. Tunda biyar ne kuma babu wadda ta zo sau biyu, kowacce ko a ɗauke ta ko a bar ta, 2 sau kanta sau biyar: masu raba ta 32, har da 1 da ita kanta. Amma don Allah kada ki kwafe mata. Ki ba ta 1001 kawai, ta nemo sauran.

Ɗalibin jami'a, Ngaundare: Malam ya gama magana. Ƙari kawai: irin wannan jerin ɗaya-ɗaya, bayan 11 ba a sake samun wadda ba ta rabuwa sai mai ɗaya 19, sai 23, daga nan a yi tsalle zuwa 317.

Wata uwa, Garwa: Allah ya saka da alheri Malam. Na ba ta 1001 ɗin, ta gwada da 7 ya fita daidai har ta yi tsalle. Yanzu ta samo 30, wai biyu sun ɓuya, ta ce ba za ta ci tuwo ba sai ta gan su.