Soyen nama da kayan lambu a daren ranar aiki: yadda muke yi a Legas

Ma'aikaciya daga Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina tashi daga aiki a Ikeja da ƙarfe 5, amma cunkoson hanya ba ya barina in shiga gida sai bayan magariba, kuma raina ba ya so yarana su riƙa kwana da taliyar leda a ciki kullum. Na fara soya naman sa da kayan lambu sama-sama a kasko, sai dai sau biyu ke nan naman yana yin tauri, kabejin kuma ya saki ruwa har abin ya koma miya. Ina roƙon waɗanda suka saba su faɗa mini yadda suke yi.

Mahauci daga Oko-Oba:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsalar daga wurin saye take farawa. Shanunmu na Arewa sun sha tafiya wajen kiwo, saboda haka namansu yana da ƙarfi, kuma wuya da ƙwauri na farfesu ne. Ki ce wa mahaucinki tsoka zalla kike so, ta gadon baya ko ta cinya, marar jijiya. Ki yanka ta siri-siri kamar ta tsire, wuƙar tana gitta zaren naman, ba tana bin tsawonsa ba. Iyalina takan sa naman a firiza na kamar minti 20 kafin yanka, domin idan ya ɗan daskare ya fi biyayya ga wuƙa.

Ma'aikaciyar jinya daga Idi-Araba:
Yaya, abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, amma ni abin da ya cece ni shi ne shirin ranar Lahadi. Nakan je kasuwar Mile 12 da sassafe in sayo karas, koren wake, tattasai, albasa da kabeji, in wanke, in bar su su tsane sarai, sannan in yanka in zuba kowanne a robarsa. Naman kuma ina cakuɗa shi da citta, tafarnuwa da cokali ɗaya na garin masara. Idan na dawo daga aiki, cokali biyu na man gyaɗa ya isa. Karas da koren wake ne suke fara shiga, tattasai ya biyo baya, kabeji kuwa minti ɗaya kawai yake yi kafin in sauke, shi ya sa ba ya sakin ruwa. Ina so in ja hankalinmu a kan gishiri, domin a wurin aikina ina ganin masu hawan jini da yawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 a rana. Na rage dunƙule, ina sa garin daddawa da ɗan yajin ƙuli, kuma maigidana bai taɓa cewa ɗanɗano ya ragu ba.

Ɗan kasuwa daga Alaba Rago:
Ni kaɗai nake zaune, kuma da risho nake girki, wanda wutarsa ba ta kai ta gas ba. Na daɗe ina juye naman gaba ɗaya, sai kaskon ya huce, naman ya riƙa dahuwa a cikin ruwansa. Yanzu kashi biyu nake raba shi, kowane kashi ya yi minti biyu in kwashe, ba na mayar da shi sai kayan lambun sun yi.

Uwargida daga Mushin:
Ƙanwata, ki yi hattara da ajiyar mako guda idan wutar unguwarku irin tamu ce. Na taɓa zubar da nama kilo ɗaya bayan kwana biyu babu wuta, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Tun daga nan na kwana biyu kawai nake saye.

Ma'aikaciya daga Agege:
Allah Ya saka muku da alheri. Jiya na raba naman kashi biyu, na sa kabeji a ƙarshe, na ɗuma shinkafar da ta kwana a firij, kuma kafin a kira isha'i yara sun ci sun ƙoshi. Naman ya yi laushi, amma karas ɗin bai gama nuna ba, don haka gobe zan ƙara sirantar da yankansa.