Tanadin kyandir saboda ɗaukewar wuta: nawa ya kamata a ajiye, kuma a ina?

Maman Yara, Kano:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin harkar tanadin gida. Tun bayan duhun da ya mamaye yawancin jihohin Arewa a ƙarshen watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata babban layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ya biyo ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, na ƙudurta cewa ba zan sake dogara da fitilar caji kaɗai ba. A wancan lokacin fitilunmu duk sun mutu saboda babu inda za a yi cajinsu, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ba kullum muke iya tayar da janareta ba.

Ina tunanin in je kasuwar Singa in sayi katan guda na kyandir in ajiye. Shin hakan dabara ce, ko ɓarnar kuɗi ce? Yaya ake ajiye shi kada zafi ya lalata shi? Kuma ina da ƙananan yara a gidan, wanda shi ne abin da ya fi damuna.

Mai Shago, Katsina:

Wa alaikumus salam, Hajiya. A matsayina na wanda yake sayar da shi, ba zan ba ki shawarar sayen katan guda ba, ko da yake ni ne zan ci riba idan mutane suka yi hakan. Kyandir na yau da kullum da kakin farafin ake yin sa, kuma tun kafin ya kai ga narkewa yake yin laushi. A watan Afrilu zafin Kano yana wuce maki 40, ɗakin da aka rufa da kwano babu silin kuma ya fi waje zafi da rana tsaka. Wanda aka bari a tsaye lanƙwashewa yake yi, wanda aka jibga a kan juna kuma mannewa yake yi, har sai an sa wuƙa an raba, kuma a wajen rabawar ne lagwanin yake tsinkewa.

Idan za ki ajiye, ki kwantar da su a kwance, ki sa takarda a tsakaninsu, ki zuba a gwangwani mai murfi, ki ajiye a ƙasa a kusurwar da ta fi sanyi a ɗaki, nesa da taga da kicin. Gwangwanin yana da wani amfani na biyu, domin ɓera yana gaigayar kyandir. Ashana kuma a sa ta a kwalba mai murfi, saboda da damina danshi yana kashe ta a cikin kwalinta.

Game da yawa, kada ki yi aiki da abin da aka rubuta a jikin fakiti. Ki sayi ɗaya daga kowane iri, ki kunna bayan magariba ki duba agogo, sai ki ga wanda ya fi jimawa. Sirarran nan masu arha saurin ƙarewa suke yi, rabinsu ma zuba yake yi ƙasa. Daga magariba zuwa kwanciya awa uku ne ko huɗu a yawancin gidaje, don haka idan kin san awa nawa guda ɗaya yake yi, lissafin mako biyu ba zai yi miki wuya ba. Abin da ya wuce na mako biyu, a ganina, ajiyar da zafi zai ci ce.

Tsohon Ma'aikacin Kashe Gobara:

'Yata, maganar yaran da kika kawo a ƙarshe ita ce ta farko a wurina. Malam Mai Shago ya yi bayanin ajiya yadda ya kamata, amma haɗarin kyandir yana wajen kunnawa ne, kuma kusan kullum hanya ɗaya yake biyowa: an kunna, barci ya kwashe mutum, kyandir ya ci har gindinsa ko ya faɗi.

Al'adar nan ta ɗiga narkakken kaki a kan tebur ko kan durowa a dasa kyandir ita ce ya kamata a fara dainawa, musamman idan teburin na roba ne ko an shimfiɗa masa leda. A samu faranti na ƙarfe ko na tangaran, a zuba yashi a ciki, a kafa kyandirin a tsakiya. Idan ya faɗi a yashi zai faɗi, idan ya ƙare a yashi zai mutu. A ajiye shi inda hannun yaro ba zai kai ba, kuma nesa da labule, domin iskar hunturu tana iya kaɗo labulen ya taɓa harshen wutar. Abubuwa biyu da na fi tsoro a ɗakin kwana su ne gidan sauro da katifar soso. Gidan sauro yana kamawa nan take, yana narkewa yana ɗiga a jikin wanda ke ciki, katifar soso kuwa baƙin hayaƙinta yana sumar da mutum kafin wutar ta iso gare shi. Saboda haka kyandir ba ya shiga ɗakin da yara suke kwana, ko da na ɗan lokaci ne, kuma ba a aiken yaro da shi banɗaki.

Tunda kin ambaci janareta, na san akwai jarkar fetur a gidan. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da wuta daga nesa, don haka kada a taɓa haska mai zuba mai da kyandir ko ashana. Idan wutar fetur ta tashi ba a watsa mata ruwa, yashi ake zubawa, sannan a kira lambar gaggawa ta 112 ko ofishin kashe gobara mafi kusa.

Baƙo daga Maraɗi:

Mu a Nijar mun ɗanɗana irin wannan tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024, alhali kuwa a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can take zuwa. Abin da ya riƙe gidaje da yawa a watannin nan ƙaramar fitilar sola ce, wadda ake shanyawa a rana da safe a ɗauko da yamma. Hasken kyandir guda bai wuce lumen 13 ba (lumen ma'aunin haske ne), ya isa a ci tuwo a ga hanya, amma yana wahalar da idon yaron da ke bitar karatu, ga shi kuma kuɗinsa kullum ƙonewa yake yi.

Duk da haka ban ce a rabu da shi ba. Da damina idan hadari ya rufe rana, ko batirin fitilar ya tsufa, kyandir ne abin da ba ya jiran caji. Ni dai fakiti biyu nake ajiyewa, sauran kuɗin kuma na sa su a fitilar sola da tocila mai batir.

Maman Yara, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa sayen katan ɗin. Zan sayi fitilar sola saboda ɗakin yara, in ajiye kyandir kaɗan a gwangwani don falo. Baba, saura tambaya ɗaya: fitilar ƙwai ta kananzir ta fi kyandir aminci, tunda wutarta a rufe take?

Tsohon Ma'aikacin Kashe Gobara:

Ta fi shi ta fuskar iska da labule, amma sai kin tabbatar da inda kika sayi kananzir ɗin, domin wanda aka gauraya da fetur fashewa yake yi a hannun mai kunnawa. Kada kuma a ƙara mata mai tana ci. A kashe ta, a bari ta huce, sannan a fita da ita tsakar gida a zuba.