Wane mutum-mutumi zan sa ma kakin soja na da?

Ɗan Maradi: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da kakin tsofaffin sojojin Faransa na yaƙin 1939-1945, har da jar dara, ina so in tsaida su a ɗaki amma mutum-mutumin butiki da na gwada kafaɗarshi ta yi faɗi, maɓalli ya ƙi shiga. Mi ya kamata?

Tela: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka tilasta, ɗinkin zai ɓarke. Ka nemi ƙarami a kasuwa, na matasa, ka naɗa mishi auduga da farin ƙyalle har ya cika rigar daidai.

Baba Tsoho: Kuma banda allura ko ƙusa, tsatsa na cin yadi. Nesa da taga kuma, ranar Maradi koɗar da launi take.

Ɗan Maradi: Darar fa? Mutum-mutumin nawa ba shi da kai.

Tela: Ƙaramar ƙwarya ka kife bisa wuyan.