Idan ɗalibi ya ce: "Malam, kai ka yarda da Darwin?"

Malamin SS3, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum malamai. Babin juyin halitta, wato bayanin Darwin na yadda halittu ke sauyawa a tsawon zamani, yana cikin manhajar bayoloji ta WAEC da NECO, kuma da wuya a kammala shi ba tare da wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ka yarda?" ba. Wasu malamai kan ce ba ruwan jarrabawa da imaninsu, wasu su ce duk ƙarya ce, a haddace don a ci kawai. Wace amsa ce ta gaskiya da ba za ta lalata darasin ba?

Tsohon sufeto, Daura:
Wa alaikumus salam Malam. Duka amsoshin biyu zillewa ce, yara kuma suna ganewa. Matsalar tana farawa ne daga dunƙule abubuwa uku a kalma ɗaya.

Fara da abin da ake gani. Sikila ta ishe ka misali: mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa wannan gadon ya yawaita inda sauro ya yi katutu, duk da cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS. Wani masani, Anthony Allison, ya nuna alaƙar a 1954. Ka ƙara da kulorokwin, wanda ƙwayar cutar ta daina jin sa har aka koma haɗin magungunan da ake kira ACT. Wanda ya ce wa yara wannan ƙarya ce, gobe za su gan shi a asibiti, daga nan ba za su ƙara yarda da shi ba.

Na biyu, maganar cewa halittu sun haɗa asali, hujjarta burbushin ƙasusuwa da kamannin DNA. Gyara musu nan: ba a ce mutum daga biri ya fito ba, an ce mutum da biri nau'in chimpanzee sun haɗa kaka shekaru miliyan 6 zuwa 7 baya. Na uku, halittar Annabi Adamu, wadda tushenta wahayi ne. Duk jimlar da za ka faɗa, ka bayyana a wanne daga cikin ukun kake magana.

Malama, Dutsin-Ma:
Allah ya ƙara sani, Baba. Ɓoye aƙida ma an gwada shi, bai yi kyau ba. A Amurka, kotun ƙoli ta hana koyar da "kimiyyar halitta" ta addini, wato labarin halitta na addini da sunan kimiyya, a makarantun gwamnati a 1987. Sai masu ra'ayin suka sauya mata suna zuwa "tsari na mai hikima", wato wani mai hikima ne ya tsara halittu, suna cewa ba su ambaci Ubangiji ba. A shari'ar wata hukumar makaranta ta garin Doba (Dover) a 2005 aka fito da tsofaffin rubuce-rubucen littafinsu, aka ga an bi kalmar "halitta" an maye ta da sabuwar, sauran bayanin yana nan yadda yake. Alƙali John Jones ya yanke cewa ba kimiyya ba ce, ya kuma ce wasu 'yan hukumar makarantar sun yi ƙarya bayan rantsuwa don su ɓoye manufarsu.

Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa. Idan mutum irin masanin bayoloji Richard Dawkins ya tsallaka daga ƙasusuwa zuwa "babu Allah", ya bar ɗakin gwaji, ra'ayinsa yake faɗa. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta DNA na ɗan'adam, ya yarda da juyin halitta kuma Kirista ne da ba ya ɓoyewa.

Mai duba takardun jarrabawa, Katsina:
Ni dai Malam, kada amsar ta wuce minti biyu. "Ni Musulmi ne, na yi imani Allah ne Mahalicci kuma shi ya halicci Annabi Adamu. Ga abin da masana bayoloji suka gano, ga hujjarsu. Yadda za a daidaita su, mu kai wa malamin tafsiri." Idan akwai Kirista a ajin, kada ka yi magana da yawunsa.

Sannan a koma allo, don inda yara ke faɗuwa daban ne: suna ba Darwin bayanin Lamarck. Raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya har 'ya'yansa suka gada, wannan Lamarck ne, 1809. Na Darwin, 1859, shi ne dama akwai masu dogon wuya da gajere, masu dogon suka fi samun ganye, suka fi barin zuriya.