Ciwon dajin kaluluwa ya dawo wa maigidana bayan kemo, ina neman shawara

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san wannan ciwo ya taimaka min, kaina ya kulle. Maigidana ne ya fara rama da gumin dare, sai kaluluwa ta fito masa a wuya. Muka yi ta maganin taifod da maleriya, danginsa suka ce sammu ne, don a lokacin suna rigimar gonar gado da 'ya'yan baffansu, kuma shi ya tsaya a kan maganar. Yayarsa ta zo ta tare mana a gida da jiƙe-jiƙenta, ni aka mayar da ni bare, in na ce asibiti a ce ba ni da tawakkali. Da ƙyar ƙaninsa ya goya min baya muka je asibitin koyarwa, aka yanki tsoka aka ce limfoma ce, wato dajin kaluluwa. An yi masa kemo, wato ƙarin ruwan maganin daji, sau 6. Filin da Babanmu ya bar min da 'yan gwalagwalaina duk a nan suka tafi, ba wanda ya ce min sannu a cikin danginsa. Kumburin ya baje, ya koma kasuwa, har azumi ya yi. Yanzu ga shi ya dawo a hammata da matsematsi, da zazzaɓin yamma. Likita ya ce sai an sake yankar tsoka kafin a yi komai. Ni ban ga amfanin sake yanka shi ba tunda an san ciwon. Ƙaninsa yana cewa a sayar da shago a tafi Masar. Yaya za mu yi?

Ummu Hanan: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Dangin miji sai haƙuri, ni da nawa ya yi jinyar ƙoda har zargina aka yi wai ni na hana a kai shi ƙauye.

Alhaji Ɗan Kwari: Hajiya, magana ɗaya ce, ku tafi Indiya. Ba Masar ba, Indiya. Ni na kai Yayana Delhi, na ga aiki da idona. Da kun sauka za a yi hoton PET, mai nuna inda ciwo ya kai a jiki, ku ga likita. Yanzu ma suna da maganin CAR-T nasu na gida, tun 2023 gwamnatinsu ta amince da shi, ana ɗibar ƙwayoyin garkuwar jikin mutum a gyara su a mayar masa su cinye dajin, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na Amurka ba. Kada ki bari a sake taɓa shi da wuƙa a nan, ɓata lokaci ne.

Anti Nas: Maman Sadik sannu, Allah ya kawo sauƙi. Ina aiki a ɗakin masu ciwon jini. Limfoma ba iri ɗaya ba ce, akwai Hodgkin akwai waɗanda ba Hodgkin ba, kuma maganinsu daban. Duba takardar gwajin farko ki faɗa mana abin da aka rubuta, da sunan kemon, da kuma yaushe aka gama. Batun sake yanka kuwa likitanku yana da gaskiya. A ƙasar nan tarin fuka yana kama kaluluwa, yana kawo rama da gumin dare da zazzaɓi sak irin wannan, balle ga wanda kemo ya raunana wa garkuwa. In tibi ne aka ɗura masa kemo, an cuce shi. Kuma ko dajin ne, wani lokaci yana dawowa da wata siffa, dole a sake duba ko har yanzu yana ɗauke da alamar CD20, don ita ce maganin dajin da ake kira rituximab yake kamawa. A ciro kaluluwar gaba ɗaya ko a ɗebo tsoka da allura mai kauri, zuƙo ruwa da siririyar allura bai isa ba. Kuma don Allah kada kowa ya sayo masa maganin prednisolone ko dexamethasone a kemis kafin a ɗebi tsokar. Za su sa kumburin ya ja baya na ɗan lokaci, su ɓata sakamakon.

Maman Sadik: Anti na gode. An rubuta DLBCL, kemon kuma R-CHOP. Wata 7 ke nan da gamawa. Amma sau biyu an yi ba rituximab saboda kuɗi bai haɗu ba, kuma akwai lokacin da muka kai mako 5 maimakon 3. Kada a ce sakaci na yi, ni kaɗai nake fafutuka, ga yara ga kuɗin makaranta. Yankan farko sai da wajen ya yi ruwa, sakamakon kuma muka yi ta sintiri kafin ya fito. Wanda bai yi jinyarsa ba ba zai gane abin da nake gudu ba.

Baban Ilham: Wallahi maganarki gaskiya ce. Tsokar mahaifiyata ɓata ta yi a ɗakin gwaji, aka ce mu sake biya a sake yanka. Kafin sakamako na biyu ya fito ta daina cin abinci. Har yau in na wuce ta gaban wurin raina ɓaci yake.

Alhaji Ɗan Kwari: To kun ji. Abin da nake faɗa ke nan. A sayar da shagon, lafiya uwar jiki, dukiya ana sake nemanta.

Anti Nas: DLBCL nau'in limfoma ce da ba Hodgkin ba, R ɗin da ke cikin R-CHOP kuma rituximab ce. Ba wanda ya ce sakaci kika yi, mutane da yawa haka kuɗin rituximab yake kayar da su. Amma ki faɗa wa duk likitan da zai gan shi wannan bayani yadda yake, don yana canza lissafi. Dawowar ciwo kafin shekara ta cika alama ce ta mai taurin kai, shi ya sa a Amurka tun 2022 irin waɗannan CAR-T ake fara ba su in jikinsu zai ɗauka. Sai dai wanda bai samu cikakken magani a kan lokaci ba, ba lallai a ce ciwonsa ya gagari maganin ba. Hanyar da aka saba ita ce kemo na biyu da wasu magunguna daban, R-ICE ko R-DHAP ko R-GDP, sau 2 ko 3, sai a yi hoto. In ya ja baya, a ɗebi ƙwayoyin ɓargonsa shi da kansa a ajiye, a ba shi kemo mai ƙarfi sosai, a mayar masa da su, shi ake kira dashen ɓargo. Ba a maimaita CHOP yadda aka yi da farko, don jan maganin nan doxorubicin da ke cikinsa yana taruwa ya raunana zuciya, akwai iyakar da ba a wucewa a rayuwar mutum. GDP ana iya yinsa ba tare da kwanciya ba, kuma ya fi DHAP sauƙi a jiki, amma akwai cisplatin a ciki, sai an duba ƙoda. A gwada ciwon hanta nau'in B da HIV in ba a yi ba. Rituximab yana tayar da ciwon hantar da ya kwanta, ana ba da tenofovir ko entecavir don kariya. Alhaji, ko Indiyan suka je, abin da za a fara nema shi ne tsoka. Ba likitan kirki da zai yi CAR-T ba tare da ita ba.

Hajiya Mai Atamfa: 'Yata ta yi wannan ciwon, da ya dawo aka ba ta maganin brentuximab, yanzu har ta yi aure. Ki ce wa likita shi kike so.

Anti Nas: Hajiya, in kemon ABVD aka fara yi wa 'yarki to Hodgkin ce, hanyarta daban da tasa.

Malam Na Zaure: A haɗa da addu'a da sadaka. Zamzam da zuma da habbatus sauda, a kuma yi masa ruƙya safe da yamma. Ina da wanda yake haɗa sassaƙe na daji, in kina so.

Anti Nas: Addu'a da zamzam ba wanda zai hana. Sassaƙe dai a bari, ƙodarsa da hantarsa su ne jarinsa yanzu, in suka taɓu an rufe ƙofar kemo na biyu da dashen gaba ɗaya.

Alhaji Ɗan Kwari: Anti Nas, da girmamawa, ke ma'aikaciyarsu ce dole ki kare su. Kemo na biyun in an yi shi a nan, dashen fa? Ƙarshenta fita za a yi, bayan kuɗin ya ƙare a hanya. Gara a fita da ƙarfinsa. Hajiya ki nemi takardar bayani daga likita, ki karɓo tsohuwar tsokar da ɗakin gwaji ya adana a cikin kaki da gilasan da aka duba ta a kai, ku nemi biza.

Baban Ilham: Alhaji ba kowa ke da abin da kake da shi ba. Maƙwabcinmu ya sayar da gida ya tafi, kuɗi ya yanke a tsakiyar magani, suka dawo ba gida ba lafiya. Duk wanda zai fita ya sa asibitin can su rubuto masa kuɗin komai tukuna, har da zaman watanni da mai jinya.

Maman Sadik: Na karanta duka, Allah ya saka. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta da yankan ba, shi ma ya ce ba zai sake ba. Kuma shagon ba nasa ne shi kaɗai ba, akwai hannun yayar tasa a ciki, ta riga ta ce ba da yawunta ba. Ƙaninsa ya dage sai Masar don yana da aboki a Alƙahira. In muka yi hoton PET a Legas, ba zai wadatar ba a bar yankan?

Anti Nas: Ba zai wadatar ba. Tibi ma yana haskawa a PET kamar daji. Hoton yana nuna inda ciwo ya kai da inda ya fi dacewa a ɗebo tsoka, ba ya faɗin sunan ciwon. Kuma in zazzaɓinsa ya kai digiri 38, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙafa ta yi rauni, a tafi asibiti a daren, kada a jira ranar ganin likita.

Alhaji Ɗan Kwari: Hajiya ki bar Legas, ki bar Masar. Na gaya miki inda za ki.

Maman Sadik: Yayar tasa ta iso ɗazu da wani mai magani daga ƙauye, suna ɗakinsa yanzu. Ranar Talata ne ganin likita, ban san ko zai yarda ya je ba. Akwai wanda aka taɓa yi wa na allura mai kaurin nan a hammata? Ana kwantar da mutum, ko a ranar ake sallama?