Ranar da saba ɗaya ta faɗi: yaya ɗayar ta karɓi aiki?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Za mu ɗora saba biyu (kwamfutocin da ke riƙe da ayyukanmu) kan faifan ajiya guda ta iSCSI (hanyar isa faifai ta netwok), da Pacemaker da Corosync, manhajojin da ke sa ɗaya ta karɓi aiki idan ɗayar ta faɗi. Wanda ya taɓa ganin ranar da guda ta faɗi, don Allah ya ba mu labari.

Daga Kaduna: Wa alaikumus salam. Mu sabobinmu lafiyarsu ƙalau, suwic ɗin da suke jin motsin juna ta kansa ne ya ƙone. Kowacce ta ɗauka 'yar uwarta ta mutu, sai duka biyun suka hau faifan suna rubutu. Ga shi tsarin fayil na ext4 ne a kai, shi kuwa ba ya ɗaukar marubuta biyu lokaci guda, wannan aikin GFS2 ne ko OCFS2. Bayanai suka dagule, sai kwafin daren jiya muka dawo da shi. Da muka bincika, ashe tun wajen haɗawa an kashe STONITH, wato tsarin da ke sa saba ɗaya ta kashe 'yar uwarta da ake shakka. Malam, kada ka yarda da wannan ko da wasa. Dole mai rai ta kashe wadda ake shakka kafin ta taɓa faifan.

Daga Kano: Gaskiya ne Yallabai, amma akwai sauran rina a kaba. Mu mun kunna STONITH ɗin ta iDRAC, wato na'urar cikin saba da ake kashe ta ko kunna ta daga nesa da ita. Da wuta ta ɗauke wa saba ɗaya gaba ɗaya, iDRAC ɗinta ma ya mutu, ta biyun ta kasa tabbatar da kisan, ta tsaya cak tana jira, ma'aikata sun cika ƙofa. SBD muka ƙara: ɗan yanki a faifan haɗakar, da agogon tsaro da ke sa saba ta sake tashi da kanta idan ta rasa hulɗa.

Daga Zariya: A Proxmox muke, wata manhajar gudanar da sabobi. Kowace saba ƙuri'a ɗaya gare ta, idan biyu ne kawai guda ta faɗi, ɗayar ba ta da rinjayen ci gaba da aiki, shi ya sa muka sa wata ƙaramar kwamfuta ta zama QDevice, ƙuri'a ta uku. Tun daga nan hankalina ya kwanta.

Daga Maraɗi: Ƙanina, faifan fa? Na ga inda akwatin ajiyar ke da wayar wuta biyu, duka a UPS ɗaya. Batir ya gaza kafin janareta ya tashi, komai ya tafi tare.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yallabai na Kano, daƙiƙa nawa kuka ba agogon tsaron? Muna da multipath, wato hanya fiye da ɗaya zuwa faifan, ina tsoron ya kashe saba kafin hanya ta biyu ta kama.